Yadda za ku riƙe sigogin kayan fuskar manhaja ba tare da gyaran ɗaya ya ɓata saura ba

Tambayar da aka aiko, a taƙaice: "Mu ƙungiya ce ta masu haɗa manhaja. Muna da manhajoji uku da ke amfani da kayan fuska iri ɗaya: maɓalli, akwatin zaɓar kwanan wata, teburin jera bayanai, da ƙaramar tagar da ke buɗowa ta tambayi mai amfani. Duk wanda zai fara sabon aiki sai ya kwafi foldar kayan daga tsohon aiki. Yanzu kowace manhaja da irin nata teburin, an gyara kuskure a ɗaya bai kai ga saura ba, kuma wani lokaci abu ya yi aiki a kwamfutar ɗayanmu ya ƙi a ta wani. Yaya za mu riƙe sigogin waɗannan kaya?"

Ɗan'uwa, a yadda ka bayyana lamarin, a halin yanzu ba ku da siga, wato fitowar kaya mai lamba, ko ɗaya da za a riƙe. Kwafi uku gare ku, kowanne ya kama gabansa tun ranar da aka kwafe shi, kuma da wuya a samu wanda zai faɗa maka da tabbaci inda suka rabu. Don haka aikin farko shi ne a daina kwafar folda. A cire kayan daga cikin manhajojin, a buɗe musu ma'ajiyarsu a Git (manhajar da ke ajiye kod da tarihin canje-canjensa), a sa musu suna, a riƙa fitar da su a matsayin fakiti mai lamba wanda kowace manhaja za ta ɗauko daga rumbu ɗaya. Idan aikinku na yanar gizo ne, fakitin npm ke nan, wato manhajar da ke wallafawa da ɗauko fakitoci daga rumbu. Idan na .NET ne, NuGet. Idan na Android ne, rumbun Maven ta hanyar Gradle. Ba sai kun saka shi inda duniya za ta gani ba. GitHub Packages, GitLab, Azure Artifacts, Nexus da Verdaccio duk suna ba da rumbu na cikin gida.

Haɗe kwafi ukun wuri ɗaya shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma ba shi da gajeriyar hanya. Ku jera su, ku kwatanta fayil da fayil, kowane bambanci ku tambayi dalilinsa. Za ku tarar wasu gyaran kuskure ne da ya kamata kowa ya samu, wasu buƙata ce ta gaskiya ta manhaja ɗaya wadda za a mayar zaɓi da ake kunnawa, wasu kuwa babu mai tuna abin da ya sa aka yi su. Na ƙarshen nan ku zubar. Abin da ya fito daga wannan tankaɗe shi ne sigarku ta 1.0.0.

Daga ranar akwai doka ɗaya da ba a sassautawa: sigar da ta fita ba a sake taɓa ta. Idan 1.4.2 ta fita da kuskure, ko na harafi ɗaya ne, a gyara a fitar da 1.4.3. Dalilin a bayyane yake. Kwamfutar kowane mai aiki tana ajiye kwafin fakitin da ta taɓa saukewa, don kada ta sake wahala. Idan ka musanya abin da ke cikin 1.4.2 a ɓoye, wanda ya sauke jiya yana da abu ɗaya, wanda ya sauke yau yana da wani, kuma dukansu za su rantse maka 1.4.2 suke amfani da ita. Shi ya sa babban rumbun npm ba ya yarda a sake wallafa lambar da aka taɓa amfani da ita, ko da an janye ta. Idan rumbunku na gida yana da zaɓin hana rubutu a kan tsohuwar siga, ku kunna shi tun ranar farko. Kowace siga kuma a sa mata alama a Git mai ɗauke da lambarta, don a iya komawa ga ainihin kod ɗin da aka gina ta da shi.

Ita lambar akwai tsarin da kusan kowa ke bi, SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta. Sigarsa ta 2.0.0 ta fito a 2013. Lambobi uku ne da ɗigo a tsakani, kamar 2.5.1. Ta ƙarshe tana hawa idan kuskure kawai aka gyara. Ta tsakiya tana hawa idan an ƙara sabon abu amma tsohon aiki yana nan yadda yake. Ta farko tana hawa idan canjin zai tilasta wa mai amfani da kayan ya taɓa nasa kod ɗin. Haddace wannan ba ya cin minti ɗaya. Wahalar tana wajen hukunci: wane canji ne ya kai a ɗaga lambar farko? A nan nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne kayan fuskar manhaja suka bambanta da sauran fakitoci, kuma nan ne yawancin ƙungiyoyi ke tuntuɓe.

Fakitin da ke lissafi kawai, alkawarinsa gajere ne: ka ba shi kaza, ya mayar maka da kaza. Amma abin da ake zanawa a allo, alkawarinsa ya haɗa da girmansa, da lokacin da yake amsawa, da yadda yake bin maɓallan rubutu, da abin da yake faɗa wa manhajar karanta allo ta makafi. Ɗauki maɓalli. Wani ya ga tsayinsa ya yi kaɗan, ya ɗaga shi daga fiksel 32 zuwa 40. Bai canza sunan komai ba, kod ɗin kowa zai ginu lafiya. Amma a manhajar da ke da tebur mai layi 20, kowane layi da maɓallinsa, an ƙara fiksel 160 ke nan, layukan ƙasa sun faɗa bayan allo, kuma wanda ke shigar da bayanai duk yini yanzu sai ya riƙa gungurawa. A wurina wannan canji ne na lambar farko, ko da na'urar gina kod ba ta yi ƙorafi ba.

Akwatin kwanan wata ya fi haka haɗari. A ce a da yana mayar da ranar da aka zaɓa a matsayin rubutu, 2024-03-05, sai aka canza shi ya riƙa mayar da ita tare da lokaci, tsakar dare a agogon kwamfutar mai amfani. Idan manhajar ta juya wannan zuwa agogon duniya na UTC kafin ta aika wa sabar, duk wanda ke gabas da Greenwich zai zaɓi 5 ga wata a rubuta masa 4. Babu saƙon kuskure, babu abin da ya tsaya, sai dai bayanai su riƙa shiga a karkace har ranar da wani ya lura. Haka akwatin rubutu: a da yana sanar da canji ne bayan mutum ya gama ya fita daga akwatin, sai aka mayar da shi yana sanarwa a kowane harafi. Manhajar da ke tuntuɓar sabar a duk sanarwa yanzu za ta tuntuɓe ta sau goma a kalma mai harafi goma. Haka taga: a da danna Esc yana rufe ta, yanzu ba ya rufewa, ko kuma bayan ta rufe siginar rubutu ba ta komawa inda take. Mai amfani da linzami ba zai ma sani ba. Wanda ba ya iya amfani da linzami kuwa an toshe masa hanya.

Akwai wata magana da ake dangantawa da Hyrum Wright, injiniyan da ya yi aiki a Google, har ake kiranta dokar Hyrum. Ma'anarta ita ce idan masu amfani da abu suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tasa da ake iya gani za ka tarar wani ya dogara da ita, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba. Manyan ayyuka ma ba su tsira ba. A Afrilun 2020 jQuery, wani sanannen fakitin kod na shafukan yanar gizo, ta fitar da 3.5.0, hawan lambar tsakiya kawai. A ciki an canza yadda ake ƙirƙirar wani abu na cikin gida da ke riƙe bayanai, sai ga kayan naɗewa da buɗewa na Bootstrap 4, wani tarin kayan fuska da ke tsaye a kan jQuery, sun daina aiki a shafukan mutane, domin sun dogara da tsohon yanayin. Sai da aka fitar da 3.5.1 a watan Mayu aka mayar da wannan ɓangaren yadda yake.

Tunda ba za ka hana mutane dogara da abin da suke gani ba, abin yi shi ne ka rubuta iyaka. Takarda ɗaya ta isa. Ta ce: sunayen zaɓuɓɓuka, da ƙimar da suke ɗauka idan ba a ba su komai ba, da sanarwar da kayan ke aikawa da lokacin aika ta, da aikin maɓallan rubutu, da girma na waje, waɗannan alkawari ne. Tsarin HTML na ciki, wato ƙashin ginin shafi, da sunayen ajin CSS na ciki, wato dokokin launi da kama, ba alkawari ba ne, wanda ya jingina da su ya ɗauki nauyin kansa. Amma fa wannan iyaka ba za ta tsaya ba sai kun buɗe ƙofa ta halal. Idan mai haɗa manhaja yana son canza launin kan tebur kuma ba ku ba shi zaɓin yin haka ba, zai tsallaka katanga ya kama sunan ajin ciki, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Haka masu rubuta gwaji na atomatik: ku ba su alama tsayayya da za su nemo abu da ita.

Idan kuna kokwanto ko canji ya kai na lambar farko, ku ɗaga ta. Lamba ba ta ƙarewa. Yardar abokan aikinku da lambar kuwa, idan sau ɗaya suka karɓi ƙaramin gyara ya rushe musu shafi, za su daina sabuntawa gaba ɗaya, ku koma gidan jiya. Kuma kada ku zauna a kan 0 da ɗigo. A tsarin SemVer duk sigar da ta fara da sifili ba ta yi alkawarin komai ba, kuma kayan da manhajoji uku masu aiki ke tsaye a kansu sun wuce wannan matakin.

Yanzu mu koma ɓangaren manhajar da ke ɗaukar kayan, inda amsar tambayarka ta "ya yi a kwamfutata ya ƙi a tasa" take. A npm, idan ka girka fakiti, abin da ake rubutawa a package.json, fayil ɗin da ke jera fakitocin da manhaja ke buƙata, shi ne ^1.4.2, da ƴar alamar nan a gaba. Ma'anarta kowace siga daga 1.4.2 har zuwa ƙasa da 2.0.0 ta yi. Alamar ~ ta fi tsauri, ~1.4.2 ba ta kaiwa 1.5.0. Ke nan mutum biyu na iya girkawa daga fayil ɗaya a makonni daban su samu abu daban. Maganin wannan shi ne fayil ɗin kulle, wanda ke rubuta ainihin sigar kowane fakiti har da na can ƙasa waɗanda ba ku ma san kuna ɗauke da su ba. Yarn ya zo da yarn.lock a 2016, npm 5 ya zo da package-lock.json a 2017. Fayil ɗin nan dole ya shiga Git. A na'urar da ke gina muku manhaja kuma ku yi amfani da umarnin npm ci, wanda ke bin fayil ɗin kulle sau da ƙafa, ya tsaya da kuskure idan ya saɓa da package.json. Idan rikici ya tashi a fayil ɗin lokacin haɗe rassan Git, wato layukan aiki da aka ware daga babban kod, kada a goge shi a sake ƙirƙira don a huta. Yin haka yana sabunta ɗaruruwan fakitoci a lokaci ɗaya ba tare da kowa ya duba ba.

NuGet nasa halin daban ne: yana ɗaukar mafi ƙanƙantar sigar da ta cika sharaɗi. Gradle kuwa idan fakitoci biyu suka nemi siga daban, mafi girma yake ɗauka. Ya kamata kowa a ƙungiyar ya san wanne ne halin kayan aikinsa. A .NET, idan manhaja ɗaya ta ƙunshi ayyuka da yawa, ku tara lambobin a fayil ɗaya, Directory.Packages.props, wanda NuGet ya kawo a 2022, don kada wani aikin ya nemi 1.4 wani ya nemi 1.6.

Wannan ya kawo mu ga matsalar da ta fi addabar kayan allo musamman: siga biyu na abu ɗaya a cikin manhaja ɗaya. npm yana iya ajiye siga biyu gefe da gefe idan fakitoci biyu suka nemi mabambanta, kuma ga fakitin lissafi wannan ba komai ba ne illa ƙarin nauyi. Amma allo ɗaya ne, kuma kayan da ke kansa suna tarayya a abubuwa da yawa. Idan fakitinku ya shigo da nasa kwafin React, ginshiƙin da ake gina fuskar manhaja a kansa, ban da na manhajar, tsarin Hooks da ya zo da siga 16.8 a 2019 zai tsaya da kuskure, domin yana buƙatar kwafi ɗaya tak. Idan kayanku irin waɗanda ake rajistarsu a burawuza da customElements.define ne, suna ɗaya ba ya rajistuwa sau biyu a rajistar shafin. Na biyun zai faɗi. CSS kuwa ba ya ma ƙorafi: sigogin biyu za su zuba dokokinsu a shafi, inda suka yi kunnen doki na ƙarshen lodawa ya yi nasara, ka ga maɓalli rabinsa tsoho rabinsa sabo. Saboda haka a fakitin kayanku, React ko Angular ko Vue su shiga ƙarƙashin peerDependencies, wato kuna cewa manhajar ce za ta kawo su, ku ga sigogin da kuke iya aiki da su. Tun daga npm 7 idan sharuɗɗan suka ci karo girkawa tana tsayawa da kuskure. Mutane da yawa suna rufe bakinta da --legacy-peer-deps su wuce. Ban hana a yi hakan na kwana biyu ba, amma kuskuren gaskiya yake faɗa, kuma rufe shi ba ya raba rikicin. Umarnin npm ls tare da sunan fakiti zai nuna maka kwafi nawa ke ciki da wanda ya jawo kowanne.

Idan manhajojinku na tebur ne a Windows, wannan ciwo tsoho ne, har yana da suna a bakin masu sana'ar, suna kiransa jahannamar DLL, daga sunan fayilolin kod da manhajojin Windows ke tarayya a kansu. A zamanin Visual Basic 6 kayan fuska irin na OCX ana rajistarsu ne da umarnin regsvr32 ga kwamfutar gaba ɗaya. Manhajar da aka girka ƙarshe ita ke da iko. Idan ta zo da tsohuwar siga ta danne sabuwa, wata manhajar da ba ruwanta ta daina buɗewa. Microsoft da kanta da ta zo sabunta kayanta na gama-gari a Windows XP a 2001, ba ta danne tsohon comctl32.dll ba. Ta bar siga 5.82 a wurinta, ta kawo siga 6 a gefe, manhajar da ke son sabuwar fuska sai ta nema a fili cikin fayil ɗinta na bayani. Har yau manhajar da ba ta nema ba tsohuwar take samu. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne sabuwar kama abu ce da manhaja ke karɓa da saninta.

A .NET Framework akwai wurare uku da nake fara dubawa idan aka ce abu ya yi a kwamfuta ɗaya ya ƙi a wata. Na farko GAC, rumbun da ke hidimar kwamfutar gaba ɗaya, wanda ake fara dubawa kafin foldar manhajar idan fayil ɗin mai sa hannu ne. Mai haɗa manhaja ya girka kayan wani kamfani, sun shiga GAC ɗinsa, komai na tafiya. A kwamfutar abokin ciniki babu su. Na biyu akwatin kayan Visual Studio: idan ka jawo abu daga ciki ka ajiye a kan fom, yana iya ɗaura aikin da sigar da aka rajista a kwamfutarka, ba wadda ƙungiya ta yarda da ita ba. Na uku fayil ɗin licenses.licx, wanda ke riƙe sunayen kayan kasuwanci tare da lambar sigarsu, kuma tsofaffin layuka kan maƙale a ciki bayan an sabunta. Duk ukun maganinsu ɗaya: kayan su zo ta NuGet, kuma manhajar da za a ba mutane a gina ta a na'ura mai tsabta wadda ba kwamfutar kowa ba ce. Ga kayan da ku kuka rubuta, shawarar da Microsoft ke bayarwa ita ce AssemblyVersion ya ɗauki lambar farko kawai, kamar 2.0.0.0, cikakkiyar lambar ta tafi AssemblyFileVersion da lambar fakiti. Hakan yana rage yawan layukan bindingRedirect, masu karkatar da manhaja daga tsohuwar siga zuwa sabuwa, da za ku riƙa rubutawa a fayil ɗin saiti na app.config. Sabon .NET, daga Core zuwa sama, ya bar GAC da waɗannan layuka, wanda sauƙi ne babba.

Za ku yi gardama a kan ko kowane abu ya samu lambarsa, maɓalli da tasa, tebur da tasa, ko duka su tafi da lamba ɗaya. Ga ƙungiya irin taku, lamba ɗaya. Tebur yana amfani da maɓalli, taga tana amfani da shi, dukansu suna shan launi daga wuri ɗaya. Idan kuka raba lambobin sai kun riƙa tuna wace sigar tebur ce ke tafiya da wace sigar maɓalli, kuma za ku jawo wa kanku matsalar kwafi biyu da hannunku. Angular ma fakitocinsa na asali da lamba ɗaya suke fita.

Akwai wata hanyar da ya kamata in ambata don adalci. Idan manhajojin ukun duk naku ne, mutane ɗaya ke kula da su, kuna iya tara su da kayan a ma'ajiyar Git guda, kowa ya yi amfani da kod ɗin yau kai tsaye. Wanda ya canza tebur shi zai gyara manhajoji ukun a aiki ɗaya. Hanya ce mai kyau, tana kawar da jinkiri. Sharaɗinta shi ne gwaji mai ƙarfi, domin kuskure ɗaya yana isa ko'ina a take. Idan ɗaya daga cikin manhajojin tana hannun abokin ciniki da ba ya karɓar sabuntawa sai a lokacin da ya zaɓa, fakiti mai lamba ya fi muku.

Ko wacce kuka ɗauka, gwajin kayan allo sai da hoto. Gwajin kod zai tabbatar maka an danna maɓalli ya amsa, ba zai gaya maka rubutun ya fita daga cikinsa ba. Ku yi shafin da ke nuna kowane abu a kowane hali nasa: babu komai a ciki, cike da dogon rubutu, a kashe, da saƙon kuskure, a ƙaramin allo, da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu idan kuna da masu buƙatarsa. Storybook don wannan aka yi shi. Sannan na'ura ta ɗauki hoton kowanne ta kwatanta da na sigar baya. Playwright yana yin haka. Hotunan a ɗauke su a na'ura ɗaya kullum, domin kowane tsarin kwamfuta da yadda yake zana haruffa. Bambancin da hoton ya nuna shi zai taimaka muku yanke hukuncin wace lamba za a ɗaga. Kafin babbar siga ta fita kuma, ku fitar da ta gwaji, kamar 2.0.0-rc.1, ku ɗora manhajojin ukun a kanta a reshe na dabam. Alamar ^ ba ta ɗauko sigar gwaji da kanta, don haka babu wanda za ta faɗa wa ba shiri.

Cire tsohon abu yana buƙatar haƙuri. A fara kawo sabon zaɓin a hawan lambar tsakiya, tsohon ya ci gaba da aiki amma yana gargaɗi ga mai haɗa manhaja, ya faɗi abin da ya maye gurbinsa. Sai a babbar siga ta gaba a cire shi. Kowace siga ta zo da bayanin canji da mutum ya rubuta don mutum: me ya canza, wa ya shafa, me zai yi. Idan canjin suna ne a wurare da yawa, ku rubuta ƴar manhajar da za ta bi kod ta canza. Da Material-UI ya koma MUI a siga 5 a 2021, sunan fakitin ma ya canza daga @material-ui/core zuwa @mui/material, kuma irin waɗannan ƴan manhajoji suka bayar don sauƙaƙa ƙaura. Bootstrap 5 a shekarar ya bar jQuery, ya mayar da data-toggle zuwa data-bs-toggle, ya mayar da ml da mr zuwa ms da me. Canje-canje ne masu dalili, amma wanda ke da shafi ɗari sai ya bi ɗari. Ku tuna da wannan duk lokacin da wani ya ce a sake wa zaɓi suna don kawai sabon ya fi daɗin faɗa. Garin neman gira ake rasa ido.

Kayan da kuka ɗauko daga waje su ma ku bi da su ta rumbunku na gida, ya riƙa ajiye kwafi. A Maris 2016 an janye wani ƙaramin fakiti mai layi 11, left-pad, daga npm, ginin dubban ayyuka ya tsaya har da manya irin su Babel. Game da lulluɓe kayan waje da naku, ra'ayina shi ne a yi wa masu nauyi kawai, kamar tebur da akwatin kwanan wata, waɗanda ake kira a wurare da yawa kuma sauya su zai yi tsada. Lulluɓin ya zama siriri, ya fitar da abin da kuke amfani da shi kaɗai. Sabuntawar kuma kada ta taru. Manhajoji irin su Renovate ko Dependabot za su riƙa buɗe muku buƙatar haɗe sabuntawar da kod ɗinku idan sabuwar siga ta fito, gwaji ya gudana, mutum ya duba ya amince. Tsallake babbar siga ɗaya aiki ne na kwanaki. Tsallake uku a lokaci ɗaya yakan koma kamar sake rubuta fuskar manhajar.

Saura manhajar da ba za ta iya hawa sabuwar siga yanzu ba, kuma a cikin uku da wuya a rasa ɗaya. Kada a kwafar mata folda. A yanke reshe daga alamar sigar ƙarshe ta layin da take kai, a kira shi 1.x misali, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai ke shiga cikinsa. Gyaran a fara yin sa a babban reshe sannan a ɗauko shi zuwa tsohon da git cherry-pick, don kada kuskuren da aka kashe a 1.x ya sake bayyana a 2. Ku rubuta ranar da za a daina kula da tsohon layin tun ranar da sabon ya fita, mai manhajar ya san da ita. Layi biyu kuna iya riƙewa, sabo da wanda ya gabace shi. Idan aka fara maganar na uku, a zauna da mai wannan manhajar a ware mata lokacin ƙaura a jadawalin aiki. Sannan kowace manhaja ta riƙa nuna lambar sigar kayan da take ɗauke da ita a shafinta na bayani da cikin rahoton kuskure, ta yadda idan aka kawo ƙorafin tebur, wanda zai duba ya san wane tebur ake nufi kafin ya buɗe kod.